Kumburin fankiriyas na farat ɗaya

Kumburin fankiriyas na farat ɗaya cuta ce da ke taso wa mutum cikin 'yan sa'o'i. Fankiriyas wani sashe ne na kayan ciki da ke kwance a bayan tumbi, kuma yana kumbura ne idan sinadaran narkar da abinci da yake haɗawa suka fara aiki tun suna cikinsa, suka shiga cin namansa. Babbar alamar cutar ita ce matsanancin ciwo a saman ciki wanda yakan ratsa zuwa baya, tare da tashin zuciya da amai. Abubuwa biyu ne suka fi jawo ta a duniya: tsakuwar maɗaciya da yawan shan barasa.

Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu cutar mai sauƙi suke yi, kuma sukan warke cikin mako guda. Sauran kan gamu da mai tsanani, inda wani ɓangare na fankiriyas ke mutuwa, ko huhu da ƙoda da zuciya su kasa aiki. Har yanzu babu wani magani guda da ke tsayar da kumburin kai tsaye. Abin da ake yi a asibiti shi ne tallafa wa jiki da ƙarin ruwa, da maganin raɗaɗi, da abinci, har kumburin ya lafa, sannan a kawar da abin da ya jawo shi don kada ya dawo. Cutar ta bambanta da kumburin fankiriyas mai daɗewa, wanda ke lalata sashen a hankali cikin shekaru.

Suna

Kalmar fankiriyas aro ce daga Turanci, shi kuma Turanci ya samo ta daga tsohon harshen Girka, inda aka haɗa kalmar pan mai ma'anar “duka” da kreas mai ma'anar “nama”. Wato nama zalla, ba ƙashi ba guringuntsi. Likitoci na kiran cutar acute pancreatitis. Ɗafa-ƙeyar -itis a sunayen cututtuka tana nuna kumburi, kalmar acute kuma tana nufin abin da ya taso nan take, ba lallai mai tsanani ba. A wasu rubuce-rubucen Hausa akan kira fankiriyas da sunan saifa, amma saifa daban take. Tana can gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, aikinta tace jini ne, ba ta da hannu a narkar da abinci.

Fankiriyas da aikinsa

Tsawon fankiriyas a jikin babban mutum ya kai kimanin santimita 15. Yana kwance a gicciye, kansa na dama a cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, jelarsa kuma ta miƙe hagu har kusa da saifa. Saboda yana can ciki jingine da ƙashin baya, shi ya sa ciwonsa ke ratsawa zuwa gadon baya.

Aiki biyu yake yi. Na farko, yana zuba wa jini sinadaran insulin da gulukagon masu daidaita sukari. Na biyu, wanda ya fi shafar wannan cuta, yana samar da ruwan narkar da abinci da ya kai lita ɗaya da rabi a rana. A cikin ruwan akwai amilez mai narkar da sitaci, da lifez mai narkar da maiƙo, da tirifsin mai narkar da furotin. Ruwan yana bi ta wani bututu da ke tsakiyar fankiriyas. A jikin yawancin mutane bututun yana haɗewa da bututun da ke sauko da ruwan maɗaciya, su shiga hanji ta ƙofa ɗaya. Wannan haɗuwar ce ta sa cutar maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, take shafar fankiriyas.

Yadda cutar ke faruwa

Tun da fankiriyas nama ne, kuma yana haɗa sinadarai masu narkar da nama, jiki ya tanadar masa kariya. Tirifsin yana fitowa ne a rufe, a siffar da ake kira tirifsinojin, ba ya buɗewa sai ya isa hanji. Akwai kuma wani furotin a cikin fankiriyas da ke kashe kaifin duk tirifsin da ya buɗe kafin lokacinsa.

Cutar na farawa idan wannan kariya ta karye. Toshewar bututu, ko gubar barasa, ko yawan kalsiyam a cikin ƙwayoyin halittar fankiriyas, kan sa tirifsinojin ya buɗe a inda bai kamata ba. Tirifsin ɗin da ya buɗe sai ya buɗe sauran sinadaran, su fara narkar da naman fankiriyas da kitsen da ke kewaye da shi, wani lokaci har da jijiyoyin jini.

Daga nan garkuwar jiki ke shigowa. Fararen ƙwayoyin jini suna taruwa a wurin, suna sakin sinadaran kumburi. Idan abin ya tsaya a fankiriyas, cutar mai sauƙi ce. Idan sinadaran suka bazu cikin jini, ƙananan jijiyoyin jini a duk jiki sukan fara yoyo. Ruwa mai yawa ya fice daga jini ya taru a ciki da huhu, bugun jini ya faɗi, ƙoda ta rasa isasshen jini. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon sashe ɗaya ke iya zama ciwon jiki gaba ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Alamomi

Ciwon ciki ne alamar da kusan kowane mai cutar ke zuwa da ita. Yana tasowa a saman ciki, ƙasa da ƙashin ƙirji, ya kai maƙura cikin mintuna ko 'yan sa'o'i, sannan ya zauna daram. Ba ya zuwa yana tafiya kamar murɗa. Kimanin rabin masu cutar suna jin sa yana ratsawa zuwa baya. Kwanciya rigingine da cin abinci kan ƙara shi, zama tare da sunkuyawa gaba kuma kan ɗan rage shi. Sau da yawa yakan biyo bayan cin abinci mai maiƙo da yawa ko shan barasa mai yawa.

Sauran alamomin sun haɗa da:

- tashin zuciya da amai, kuma aman ba ya kawo sauƙin ciwon
- kumburin ciki da jin zafi idan an taɓa shi
- zazzaɓi
- saurin bugun zuciya da saurin numfashi
- shaƙuwa
- shawara, wato idanu su yi rawaya, idan tsakuwa ta toshe bututun maɗaciya

Idan cutar ta yi tsanani akan ga ƙarancin fitsari, sanyin hannu da ƙafa, gumi, wahalar numfashi da ruɗewa. A wasu 'yan kaɗan jini kan kwanta a ƙarƙashin fata a kewayen cibiya, abin da ake kira alamar Cullen, ko a kwiɓi, wato alamar Grey Turner. Waɗannan biyun ba sa fitowa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, kuma a fata mai duhu ganinsu na da wuya.

Wurin da ciwon yake shi ne wurin da gyambon ciki, wato olsa, ke ciwo. Wannan kan sa mutum ya ɗauka olsa ce ta tashi, ya sayi magani a kemis ya zauna a gida. Ciwon saman ciki mai tsanani da ya ɗauki sa'o'i bai lafa ba, musamman idan akwai amai ko yana ratsa baya, na buƙatar zuwa asibiti nan take, domin kulawar sa'o'i 24 na farko tana da tasiri sosai a kan yadda cutar za ta kasance.

Dalilai

Tsakuwar maɗaciya

Ita ce kan gaba a yawancin ƙasashe, tana jawo tsakanin kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na cutar. Tsakuwa kan fito daga maɗaciya ta gangaro, ta maƙale a ƙofar da bututun biyu suka haɗu, ta hana ruwan fankiriyas fita. Ƙananan tsakuwoyi da ba su kai milimita 5 ba sun fi manya haɗari, domin su ne ke iya shiga bututu. Galibi tsakuwar kan wuce hanji da kanta bayan ta riga ta tayar da kumburin. Mata, da masu ƙiba, da masu juna biyu, da waɗanda suka rame da sauri sun fi samun tsakuwar maɗaciya. Masu cutar sikila, wadda ta yawaita a Najeriya da Nijar, sukan same ta tun suna ƙanana saboda yawan fashewar jajayen ƙwayoyin jininsu. Duk da haka, kaɗan ne daga cikin masu tsakuwar maɗaciya ke kamuwa da kumburin fankiriyas.

Barasa

Ita ce ta biyu, da kimanin kashi 25 zuwa 35 cikin 100, kuma ta fi kama maza. Yawanci sai an shafe shekaru ana sha da yawa kafin ta jawo cutar. Ba kowane mashayi ke kamuwa ba, abin da ke nuna cewa gado da shan taba sigari suna da nasu rabon. Shan taba kansa yana ƙara haɗarin ko babu barasa.

Yawan maiƙo a jini

Idan nau'in maiƙon jini da ake kira tiragiliserayid ya haura miligiram 1,000 a kowace desilita, haɗarin cutar yana ƙaruwa sosai. Akan ga haka a masu ciwon sukari da ba su daidaita shi ba, da masu ƙiba, da masu juna biyu, da waɗanda suka gaji matsalar. Jinin da aka ɗiba daga irin waɗannan marasa lafiya kan yi fari kamar madara.

Aikin duba bututun maɗaciya

Akwai aikin da ake kira ERCP, inda ake zura bututu mai kyamara ta baki har zuwa farkon ƙaramin hanji don duba bututun maɗaciya ko cire tsakuwa. Kumburin fankiriyas shi ne matsalar da ta fi biyo bayan wannan aiki, tana samun kimanin mutum 3 zuwa 10 cikin 100.

Sauran dalilai

- Yawan kalsiyam a jini, galibi saboda ƙullutun faratairod na wuya yana aiki fiye da ƙima.
- Magunguna, kamar azathioprine mai rage ƙarfin garkuwar jiki, valproate na farfaɗiya, asparaginase na sankarar jini, da didanosine, tsohon maganin cutar ƙanjamau. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ma an alaƙanta su da cutar.
- Bugu a ciki, kamar na sitiyarin mota a haɗari, ko kan keke da ya soki cikin yaro.
- Cututtuka masu yaɗuwa, irin su hangum.
- Tsutsar ciki nau'in Askaris, wadda kan shiga bututun ta toshe shi. An fi samun rahoton haka daga yankin Kashmir na Indiya da Afirka ta Kudu, musamman a yara.
- Harbin wasu nau'o'in kunama, wanda aka fi sani daga tsibirin Tirinidad da ƙasar Barazil.
- Gado. A 1996 aka gano cewa sauyi a ƙwayar gado mai suna PRSS1 yana jawo cutar a wasu zuriyoyi tun daga ƙuruciya.
- Ƙari a fankiriyas ko a bakin bututunsa, abin da likitoci kan bincika idan wanda ya haura shekara 40 ya kamu ba tare da sanannen dalili ba.

A wani kaso na marasa lafiya bincike ba ya gano dalili. Da yawa daga cikinsu daga baya akan tarar ƙananan tsakuwoyi ne ko laka a maɗaciya da hoton farko bai nuna ba.

Ganewa

Bisa ƙa'idar Atlanta da aka sabunta a 2012, ana tabbatar da cutar idan an samu biyu daga cikin abubuwa uku: ciwon ciki irin wanda aka bayyana, ko lifez ko amilez na jini ya ninka iyakar da aka saba sau uku ko fiye, ko hoton ciki ya nuna kumburin.

Amilez yana hawa cikin sa'o'i 6 zuwa 12, ya sauka cikin kwana 3 zuwa 5. Lifez ya fi daɗewa a sama, har mako ɗaya zuwa biyu, kuma ya fi nuna fankiriyas kai tsaye, don haka aka fi son sa, musamman ga wanda ya makara zuwa asibiti. Yawan hawan waɗannan sinadarai ba ya nuna tsananin cutar. Ana iya samun mai adadi babba da ciwo mai sauƙi.

Ana yi wa kowane mai cutar sikanin ciki don neman tsakuwa. Ana kuma auna aikin hanta da ƙoda, da sukari, kalsiyam da maiƙon jini. Idan sinadarin hanta mai suna ALT ya haura 150, alama ce mai ƙarfi cewa tsakuwa ce sanadi. Hoton CT ba dole ba ne a rana ta farko sai idan ana shakkar cutar, domin naman da ya mutu ba ya fitowa sosai a hoto sai bayan sa'o'i 72 zuwa 96. Hoton MRI kan taimaka wajen ganin tsakuwa a cikin bututu.

Cututtukan da ke kama da ita, waɗanda dole likita ya kawar da su, sun haɗa da olsa da ta huda tumbi, kumburin maɗaciya, toshewar hanji, yankewar jini ga hanji, da bugun zuciya.

Matakan tsanani

Ƙa'idar Atlanta ta kasa cutar gida uku:

- Mai sauƙi: babu gazawar huhu, ƙoda ko zagayen jini, kuma babu matsala a kewayen fankiriyas.
- Matsakaiciya: akwai gazawar da ta gyaru kafin sa'o'i 48, ko ruwa ya taru, ko wani nama ya mutu.
- Mai tsanani: gazawar ta wuce sa'o'i 48.

Akwai ma'aunai da ke taimaka wa likita hasashen inda cutar ta dosa. Na Ranson yana duba abubuwa 11, biyar a ranar kwanciya, shida bayan sa'o'i 48. Na BISAP, wanda ya fito a 2008, abubuwa biyar kawai yake dubawa: yawan yuriya a jini, ruɗewa, alamun kumburi a duk jiki, shekaru sama da 60, da taruwar ruwa a kewayen huhu. Sinadarin CRP da ya haura miligiram 150 a lita bayan kwana biyu shi ma yana nuna tsanani. Tsofaffi, masu ƙiba da masu wasu cututtuka tun da farko sun fi shiga haɗari.

Magani

Kusan kowane mai cutar ana kwantar da shi a asibiti. Masu tsanani ana kai su sashen kulawa ta musamman.

Ƙarin ruwa

Shi ne matakin farko, saboda ruwan da jiki ke asara ta amai da yoyon jijiyoyi. An fi amfani da ruwan Ringer's lactate. A da akan ɗura ruwa da yawa cikin sauri. Binciken WATERFALL da likitocin Sifaniya suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2022, ya sauya wannan. An dakatar da shi bayan marasa lafiya 249, domin ruwa ya yi wa kashi 20.5 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa da yawa yawa a jiki, a kan kashi 6.3 na waɗanda aka ba matsakaici, kuma yawan ruwan bai rage tsananin cutar ba. Yanzu ana ba da ruwa daidai gwargwado, ana lura da bugun zuciya, bugun jini da yawan fitsari.

Rage raɗaɗi

Ciwon yana da tsananin da galibi sai da magunguna masu ƙarfi irin su mofin ta jijiya. Tsohon tsoron da ake yi cewa mofin na matse bakin bututu ya ƙara cutar bai tabbata a binciken da aka yi kan marasa lafiya ba. Ana ba da maganin amai da iskar oksijin idan da buƙata.

Abinci

Tsohuwar al'adar asibiti ita ce hana mara lafiya ci na kwanaki don fankiriyas ya huta. Yanzu an gane cewa barin hanji ba abinci yana raunana bangonsa, ƙwayoyin cuta su samu hanyar tsallakawa zuwa naman da ya mutu. Mai ciwo mai sauƙi yana iya fara cin abinci mara maiƙo da zarar amai ya tsaya, ko da a cikin sa'o'i 24 na farko ne. Wanda ya kasa ci ana ba shi ta robar hanci. Ba a komawa ga ciyarwa ta jijiya sai hanjin ya ƙi karɓa.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta

Ba a ba da su don rigakafi, ko da cutar ta yi tsanani, domin kumburin farko ba ƙwayoyin cuta ne suka kawo shi ba, kuma zazzaɓin kwanakin farko yawanci na kumburin ne. Ana ba da su idan ƙwayoyin cuta sun shiga mataccen naman, ko bututun maɗaciya, ko huhu, ko mafitsara.

Kawar da sanadi

Idan tsakuwa ta toshe bututun maɗaciya har ƙwayoyin cuta suka shiga, ana yin ERCP cikin gaggawa, galibi a cikin sa'o'i 24, a cire ta. Idan tsakuwa ce sanadi kuma ciwon mai sauƙi ne, ana cire maɗaciyar kafin a sallami mara lafiya. A binciken PONCHO na ƙasar Holan a 2015, kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka jinkirta wa tiyata kusan wata guda sun sake samun matsala, a kan kashi 5 na waɗanda aka yi wa kafin sallama. Mutum na rayuwa lafiya ba maɗaciya, domin hanta ce ke haɗa ruwan, maɗaciya ma'ajiya ce kawai. Idan ciwon mai tsanani ne, ana jira sai kumburin ya lafa.

Wanda barasa ta jawo wa ana ba shi shawara da taimakon dainawa tun yana asibiti. Mai yawan maiƙo a jini akan sa masa insulin ta jijiya, wani lokaci a tace jininsa da na'ura, daga baya ya ci gaba da magani da kiyaye abinci. Idan magani ne sanadi, ana dakatar da shi.

Mataccen nama

Idan wani ɓangare ya mutu amma ƙwayoyin cuta ba su shiga ba, yawanci ana barin sa. Idan sun shiga, ana fara da magani, kuma ana ƙoƙarin jira har kimanin mako huɗu, lokacin da jiki zai gina bango a kewayen wurin. Daga nan ana bi mataki-mataki: a fara zuƙe ruɓaɓɓen ruwan da roba ta fata ko ta cikin tumbi, sai idan hakan bai wadatar ba a kwashe naman ta ƙaramar kafa. Binciken PANTER na Holan a 2010, kan marasa lafiya 88, ya nuna manyan matsaloli ko mutuwa sun samu kashi 40 cikin 100 a wannan hanya, a kan kashi 69 a tiyatar buɗe ciki, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku roba kaɗai ta ishe su.

Matsalolin da kan biyo baya

Cutar na da zango biyu na haɗari. A makon farko, gazawar huhu, ƙoda da zagayen jini ce ke kisa, kuma mara lafiya na iya buƙatar na'urar numfashi ko wankin ƙoda. Daga mako na biyu zuwa gaba, babban haɗarin shi ne shigar ƙwayoyin cuta cikin mataccen nama, abin da ke samun kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu irin wannan naman.

Ruwan da ya taru a kewayen fankiriyas yawanci yana shanyewa da kansa. Idan ya wuce mako huɗu ya yi bango, ya zama jakar ruwa, wadda ba a taɓa ta sai tana ciwo, ko tana danne tumbi, ko ta kamu da ƙwayoyin cuta. Akan kuma samu daskarewar jini a jijiyar saifa, zubar jini daga jijiyar da sinadaran suka cinye, faɗuwar kalsiyam da hawan sukari.

Mutuwa a ciwo mai sauƙi ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, amma idan gazawar sassan jiki ta daɗe takan kai kashi 20 zuwa 40. Bayan warkewa, kimanin mutum ɗaya cikin biyar kan sake kamuwa, kimanin ɗaya cikin goma kuma ciwonsu kan koma mai daɗewa, musamman masu ci gaba da shan barasa da taba. Wasu kan samu ciwon sukari daga baya, ko ƙarancin sinadaran narkar da abinci, wanda ke zuwa da zawo mai maiƙo da rama. Saboda haka ake son a riƙa auna sukarin wanda ya taɓa yin cutar.

Rigakafi

Hanyoyin kariya suna bin dalilan cutar ne: barin barasa da taba, rage ƙiba a hankali, daidaita ciwon sukari da maiƙon jini, da cire maɗaciya idan tsakuwa ta fara ba da ciwo. Kafin ERCP akan sa wa mara lafiya miligiram 100 na diclofenac ko indomethacin ta dubura, abin da ke rage haɗarin kumburin. Allurar rigakafin hangum da ba yara maganin tsutsar ciki suna rufe wasu ƙofofin biyu.

Yaɗuwa

A duniya, kimanin mutum 34 cikin kowane 100,000 ke kamuwa a shekara. Ƙididdigar nauyin cututtuka ta duniya ta 2019 ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 2.8 sun kamu a shekarar, kimanin 115,000 kuma sun mutu. A Amurka tana cikin cututtukan ciki da suka fi kwantar da mutane a asibiti. Sanadi yana bambanta da wuri: barasa ta fi yawa a gabashin Turai da Finlan, tsakuwa a kudancin Turai da Kudancin Amurka, yayin da yawan maiƙon jini ke ƙara zama babban sanadi a ƙasar Sin.

Tarihi

Johann Georg Wirsung ya bayyana babban bututun fankiriyas a birnin Padua na Italiya a 1642, bututun na ɗauke da sunansa har yau. Ana danganta bayanin farko na cutar ga likitan Holan Nicolaes Tulp a 1652. A 1889 Reginald Fitz na Boston ya yi cikakken bayanin alamominta da nau'o'inta, a 1896 kuma Hans Chiari ya kawo ra'ayin cewa fankiriyas narkar da kansa yake yi. Eugene Opie na asibitin Johns Hopkins ya danganta cutar da tsakuwar da ta maƙale a mahaɗar bututun biyu a 1901. Gwajin amilez na jini ya shigo ta hannun Robert Elman a 1929, wanda ya ba da damar gane cutar ba tare da buɗe ciki ba. A 1974 Acosta da Ledesma na Ajantina suka tace bayan gidan marasa lafiya 36 masu tsakuwar maɗaciya da kumburin fankiriyas, suka samu tsakuwa a na 34, abin da ya tabbatar da cewa wucewar tsakuwa ce ke tayar da cutar. A shekarar ce John Ranson ya fitar da ma'auninsa a New York. Taron Atlanta na 1992 ya samar da rabe-raben da aka sabunta a 2012, waɗanda ake aiki da su a yanzu.

Duba kuma

- Kumburin fankiriyas mai daɗewa
- Tsakuwar maɗaciya
- Gyambon ciki
- Ciwon sukari
- Sikila